Madarar ƙudan zuma da kumburin hanji: Abin da aka gani a jikin ɓeraye

A cikin gidan ƙudan zuma akwai wani abinci mai kauri, fari-fari da ɗan tsami, wanda ƙananan ma'aikata ke fitarwa daga kawunansu. Duk 'ya'yan zuma suna samun sa a kwana 3 na farko, amma wadda za ta zama sarauniya da shi take rayuwa har ta mutu. Tana iya yin shekaru, alhali ma'aikaciya ba ta cika wuce mako 6 ba a lokacin aiki. Wannan ne ya ja hankalin masana kan madarar, wadda Turawa ke kira royal jeli.

A 2010 wasu masu bincike a Turkiyya sun zuba wa ɓeraye asid irin na ruwan kal a babban hanji don ya kumbura, sannan suka ba wani rukuni madarar ta baki. Da aka duba hanjin da madubin likita, sai aka tarar ɓarnar ta fi sauƙi a jikin waɗanda suka sha. Ana danganta tasirinta da wani sinadari mai suna 10-HDA, wanda ake ganin yana kwantar da kumburi.

Sai dai ɓera ba mutum ba ne, kuma raunin da aka yi da gangan a ɗakin gwaji daban yake da abin da ke kai mutanen Lafiya asibiti. A nan, murɗar ciki da zawo mai jini sukan samo asali daga atini, taifot ko tsutsar ciki, kuma kowanne da maganinsa bayan gwaji. Ga masu asma da borin jini kuwa madarar na da haɗari. An taɓa rasa rayuka sanadiyyarta a Ostareliya.

Kada kuma a zaci tana cikin zumar amya da ake sayarwa a kasuwa. Samar da ita sai da akwatin zamani: a dasa 'yan tsutsotsi cikin ƙananan kofuna, a kwashe bayan awa 72, kowane kofi bai kai rabin giram ba. Sin ce ke samar da mafi yawanta a duniya. Ɗanyarta ba ta jure zafi. A ranar Lafiya ta watan Maris, in ba firji da tsayayyiyar wuta, nan da nan take lalacewa.