KIRISTOCIN AZARE DA KATAGUM: INA AKA KWANA GAME DA DOGARA GA ALLAH?

Daga wakilinmu na Arewa

Duk ɗan Arewa da ke zaune a Agege ko Obalende ko Sabon Ibadan, in ya fito daga ƙasar Katagum, ya san garin Azare gari ne na Musulmi tun asali. Malam Zaki ne ya kafa masarautar a zamanin jihadin Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo, daga baya a zamanin Turawa aka mai da hedkwatarta daga Katagum zuwa Azare. Amma kuma akwai Kiristoci a cikin garin, watau 'yan kasuwa Ibo da Yarbawa, da ma'aikatan asibiti da malaman makaranta, da mutanen kudancin Jihar Bauci, har da Hausawan da aka haifa a cikin wannan addini. Su ne a yau suke fama da wata tambaya wadda ba kowa yake iya furta ta a gaban fasto ba: shin Allah yana ji kuwa?

Abu na farko da ya kawo wannan shakka shi ne tsoro. A watan Afrilu na 2011, bayan zaɓen shugaban ƙasa, an kashe masu yi wa ƙasa hidima a Giade, nan kusa da Azare. A ƙarshen 2014 kuma bama-bamai suka tashi a cikin Azare kanta, a tashar mota da bakin banki da kasuwar wayoyi. Bam dai bai tambayi kowa addininsa ba, Musulmi da yawa sun rasu a ciki. Amma wanda yake ɗan tsiraru a gari, tsoronsa ninki biyu ne, gama ba ya da dangi a ƙauyen kusa da zai gudu wurinsu. Waɗansu sun kwashe iyali sun koma Kudu. Waɗanda suka tsaya kuwa, akwai masu zuwa sujada ran Lahadi baki yana waƙa, ido yana kan ƙofa.

Sai kuma talauci da ambaliya, wadda ta karya hanyar Kano zuwa Maiduguri kusa da Azare a daminar 2024. Wannan kowa ya ɗanɗana.

Dalili na uku shi ne ya fi shafar masu karanta wannan shafi, domin daga Kudu ya hau mota ya tafi gida. Saurayi ya zo Ikko neman kuɗi, ya shiga irin majami'un nan da ake wa'azin cewa duk mai bangaskiya ba ya talauci, ba ya ciwo, in ya ba da baiko mai tsoka Allah zai ninka masa. Ya bayar, ya yi azumi, ya kwana addu'a. Shekara ta zagayo, yana nan yana tura baro a kasuwar Mile 12. To, me zai ce? Ko dai ya ce bangaskiyarsa ce ba ta kai ba, ko ya ce Allah ya saɓa alkawari. Alhali kuwa alkawarin nan mutum ne ya yi masa. Wannan irin wa'azi ciniki ne, kuma wanda ya ɗauki addu'a a kan ciniki, ranar da ya ga faɗuwa sai ya rufe shago.

Tarihin ekklesiyar da Kiristocin Arewa da yawa suka tashi a ciki ma ya ƙaryata wannan wa'azi. A watan Disamba na 1893 samari uku suka sauka a Ikko da niyyar shiga ƙasar Hausa: Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham. A 1894 Gowans ya mutu a Girku, Kent ya mutu a Bida, daga baya Bingham ya koma gida. Ya sake zuwa a 1900, zazzaɓi ya kore shi. Sai a 1902 mishan ɗin, watau SIM, ta sami wurin zama a Pategi. Shekara tara ke nan, da kaburbura biyu. Daga nan ne ECWA ta fito a 1954. Littafi Mai Tsarki na Hausa kuwa, wanda Likita Mila na Zariya ya sha wahalar fassararsa tare da waɗansu, bai fito cikakke ba sai a 1932.

Shi wannan Littafi bai ɓoye masu shakka ba. Akwai Toma da ya ƙi yarda sai ya gani da idonsa, akwai Bitrus da ya fara nutsewa a ruwa, ga kuma Ayuba da ya rasa 'ya'ya da dukiya. Ba a kori ko ɗaya daga cikinsu ba. Saboda haka fasto da zai tsawata wa mai tambaya, ya manta da abin da ke hannunsa.

Yadda bangaskiya take girma a wuri kamar Azare ba a ɓoye yake ba. Mafi yawan aikin yana hannun Zumuntar Mata, su da suke zuwa gaisuwar mutuwa da kwanon abinci, su tara kuɗin makarantar marayu, su zauna da gwauruwa bayan kowa ya watse. Mutumin da 'yan'uwa suka riƙe shi a ranar wahala, ba ya shan wuyar yarda cewa Allah bai yashe shi ba. Sai karatun Littafi a gida da harshen da yara suke ji, da addu'ar asuba ko da ta minti biyar ce.

Akwai kuma darasi a maƙwabta. Bamushen Azare in gonarsa ta nutse, yakan yi tawakkali, ruwa na janyewa ya ɗauki fartanya ya nufi fadama noman rani. Kiristocin da suka daɗe a garin sun ga wannan shekara da shekaru, kalmomin ma iri ɗaya suke faɗa a gidan makoki: haƙuri, sai Allah.

Su kuwa 'yan'uwa da ke Kudu, in za su tafi Kirsimeti, ya kamata su tuna akwai yaran da ba su taɓa jin labarin Girku da Pategi ba.