Idan Kalmomi Suka Fara Guje wa Dattijo

Akan ga mutum ɗan shekara hamsin da 'yan kai, lafiyarsa lau, yana zuwa kasuwa, yana gane iyalinsa, amma sai ya riƙe buta ya rasa sunanta. Bana kalma ɗaya ta ɓace masa, baɗi goma. Wasu su ce tsufa ne, wasu su ce sammu ko iskoki. Alhali kuwa likitoci sun daɗe da sanin wannan ciwo. Tun a 1892 wani likita mai suna Arnold Pick ya ba da labarin irinsa, sa'an nan a 1982 Dokta Marsel Mesulam na Amurka ya bayyana mutum shida waɗanda magana ta riƙa kuɓuce musu sannu a hankali.

Ciwon a ƙwaƙwalwa yake, galibi a ɓangaren hagu inda harshe ke zaune. Na'urar ɗaukar hoto ta MRI tana nuna wurin da ya motse, ita kuwa ta PET tana nuna inda ƙwaƙwalwa ta rage cin sukari.

A 2011 masana suka kasa ciwon kashi uku. Idan gaban ƙwaƙwalwa ne ya motse, magana takan fita da ƙyar, a kakkarye. Idan gefe ne, tsakanin ido da kunne, magana na gudana amma ma'ana ta ɓace: a ce masa "akuya", ya tambaya mece ce akuya. Idan kuwa can baya ne, sama da kunne, sai ya dinga tsayawa neman kalma, ya kasa maimaita doguwar jimla. Wannan na uku yawanci cutar Alzheimer ce ke haddasa shi.

To, mene ne amfanin hoton, tunda har yau ba a sami maganin warkewa ba? Na farko, yana bambanta ciwon da ƙari a ƙwaƙwalwa ko bugun jini, waɗanda ke da nasu magani. Na biyu, iyali za su san abin da ke tafe. Tun bakin dattijo na buɗe sai a zauna da shi, ya faɗi wasiyyarsa da bashin da ake bin sa da amanar da ke hannunsa. A kuma haɗa masa littafin hotunan mutane da kayan gida, domin ya riƙa nunawa ranar da kalma ta ƙi zuwa.

Kada a yi masa dariya ko tsawa. A kai shi asibiti da wuri. Allah Ya ba mu lafiya, amin.