Kofin azurfar Kyaftin Rostron

A ƙasashen Turai da Amurka akwai wata tsohuwar al'ada: in shugaban jirgin ruwa ya ceci rayuka a teku, akan ƙera masa kofi ko faranti na azurfa, a zana sunansa da aikin da ya yi. Rubutun nan shi ke riƙe labarin mutum bayan ransa. Ɗaya daga cikin waɗanda suka fi shahara shi ne kofin Arthur Rostron, mutumin Ingila.

An haifi Rostron a 1869. Tun yana yaro ya koyi aikin teku, ya fara da jiragen da iska ke turawa, sannan ya shiga kamfanin Cunard a 1895. A farkon 1912 aka ba shi shugabancin jirgin Carpathia.

Daren 14 ga Afrilu na wannan shekara, jirgin Titanic ya yi karo da wani dutsen ƙanƙara mai yawo a Tekun Atlantika. Carpathia yana nesa da shi fiye da kilomita 100 sa'ad da ma'aikacin wayar iska, Harold Cottam, ya ji kiran neman agaji. Nan take Rostron ya juya jirginsa. Ya sa aka tsayar da tururin ɗumama ɗakuna domin injin ya ƙara gudu, aka tanadi barguna da abin sha mai zafi, likitoci suka zauna cikin shiri. Haka suka ratsa ƙanƙara cikin duhu, su ma ransu a hannun Allah. Wajen ƙarfe 4 na asuba suka iso, Titanic ya riga ya nutse. Sun tsamo mutum sama da 700 daga ƙananan kwale-kwale. Wajen 1,500 sun halaka.

Ran 29 ga Mayu 1912, a birnin New York, Margaret Brown ta miƙa wa Rostron kofin azurfa da sunan waɗanda aka ceta. Ba a manta da na ƙasa ba: har masu zuba gawayi a inji sun samu lambar yabo, gama hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Jamusawa sun nutsar da Carpathia a 1918. Rostron ya zama babban kyaftin na Cunard a 1928, ya huta a 1931, ya rasu a 1940. Jirgi da mai jirgi sun wuce, kofin kuwa yana nan da rubutunsa, shaidar cewa alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.