Yadda Zinariya Ke Komawa Ja

Gabatarwa

Kowa ya san zinariya da launinta na rawaya, da kuma cewa ba ta tsatsa. To amma masana ilmin sinadarai sun gano cewa waɗannan siffofi sun dogara ne ga girman curin da ake magana a kai. Idan aka yi ta rarraba zinariya har ta kai ƙanƙantar da ake aunawa da nanomita, sai halayenta su sauya. Nanomita ɗaya shi ne kashi ɗaya cikin miliyan na milimita, kuma kaurin silin gashin ɗan Adam ya kai kimanin nanomita 80,000.

Dalilin Sauyawar Hali

Kowane abu an gina shi ne da ƙwayoyin zarra. A cikin zoben zinariya, kusan dukkan ƙwayoyin suna binne a ciki, kowace maƙwabtanta sun kewaye ta. A ƙaramin dunƙule kuwa lamarin ya sha bamban. Dunƙule mai ƙwayoyi 13 yana da ɗaya tak a tsakiya, 12 a waje. Mai ƙwayoyi 55 kuma yana da 42 a waje. Da yake ƙwayar da ke waje ba ta da cikakkun maƙwabta, riƙonta ba shi da ƙarfi, kuma tana saurin haɗuwa da wasu sinadarai.

Wannan ne ya sa zinariya, wadda ke narkewa a zafin digiri 1,064 na ma'aunin Salshiyos, take narkewa ƙasa da haka da ɗaruruwan digiri idan faɗinta bai wuce nanomita 2 ba. Haka kuma a shekarar 1987 Masatake Haruta na ƙasar Japan ya nuna cewa irin waɗannan ɓurɓushi suna hanzarta mayar da iskar kabon monoksaid mai guba zuwa kabon dayoksaid, ko da a sanyin da ke daskarar da ruwa.

Launi ma yakan sauya. A shekarar 1857 Michael Faraday ya bayyana yadda ya haɗa, a birnin Landan, wani ruwa ja jawur wanda ɓurɓushin zinariya ne ke yawo a cikinsa. Abin da ke faruwa shi ne, idan haske ya sauka a kan ɓurɓushi mai faɗin nanomita 20 zuwa 40, sai ilektiron ɗinsa su yi ta rawa tare, su shanye koren haske, ido kuwa ya ga ja.

Amfaninsa a Asibiti

Duk wanda aka taɓa yi wa gwajin gaggawa na zazzaɓin cizon sauro, mai yiwuwa ya ga wannan ja da idonsa, domin galibin na'urorin gwajin da zinariya suke aiki. Ana manna wa ɓurɓushin wasu sinadaran garkuwar jiki masu gane furotin na ƙwayar cutar. Idan aka ɗiga jini, sai ya bi takardar da ke cikin na'urar, ɓurɓushin su kama furotin ɗin su tafi da shi. A gaba akwai layin da aka shimfiɗa wasu sinadaran masu cafke furotin ɗin. Nan ɓurɓushin ke taruwa har ja ya bayyana. Layi na biyu shaida ne cewa na'urar ta yi aiki, kuma idan bai fito ba, gwajin ya ɓaci.

Kammalawa

Tun shekarar 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a tabbatar da cutar ta hanyar gwaji kafin a ba da magani, saboda ba kowane zazzaɓi ne na sauro ba. A ƙauyen da babu madubin likita, ɗan layin nan na zinariya shi ne ke nuna wa ma'aikacin lafiya, cikin minti 15 zuwa 20, ko ya ba yaro maganin zazzaɓin cizon sauro ko ya nemi dalilin ciwon a wani wuri.