Labarin Satar Mazakuta, Da Waɗanda A Ke Kashewa A Kansa

Jama'ar Zongo, akwai wani labari da kan taso a birni, ya yi kwanaki, ya kwanta, sa'an nan ya ɓullo a wata ƙasa. Magana ce mai nauyi a baki, amma tilas mu yi ta, domin mu ta fi shafa.

Ga yadda a kan ba da shi. Wai baƙo ya kan tare mutum a tasha ko a kasuwa, ya tambaye shi hanya, ya miƙa masa hannu. Da sun gaisa sai mutumin ya ji tsam a jikinsa, ya ce mazakutarsa ta ɓace. Ya yi kuwwa, jama'a su taru da sanduna da duwatsu, kafin 'yan sanda su iso an gama da baƙon.

An fara jin labarin a Nijeriya tun cikin shekarun 1970, ya kuma tada hankalin Ikko a 1990. A watan Janairu na 1997 ya shigo Ankara, aka kashe aƙalla mutum 7 cikin 'yan kwanaki. A 2001 aka kashe 5 a Kotono. A 2003 ya isa Khartum ta saƙon wayar hannu, aka ce wani baƙo ne daga Afirka ta Yamma ke yawo yana gaisawa da mutane, har maza suka riƙa ƙin ba da hannu.

To, mene ne gaskiyar al'amarin? In aka kai masu kukan wurin likita aka duba, a kan tarar kome yana nan yadda ya ke. Tsoro, kamar sanyi, ya kan sa gaban namiji ya tsuke, wanda kuwa ya riga ya ji labarin sai ya ɗauka abin ya same shi. Likitoci suna kiran wannan firgita koro. Ba a ƙasashenmu kaɗai a ke yinta ba. A Singafo, a 1967, ɗaruruwan maza suka cika asibiti da irin wannan kuka, don an ce musu naman aladen da aka yi wa allurar rigakafi ne ke jawo shi. Da likitoci suka yi bayani, sai abin ya lafa.

Abin da ya kamata mu lura da shi shi ne wanda a ke nunawa da yatsa. Wani masani Bafaranshe, Julien Bonhomme, ya bi sawun labarin ƙasa ƙasa, ya buga littafi a kansa a 2009. Ya ga cewa sau da yawa Hausawa a ke tuhuma. Dalili a fili ya ke. Mu ne fatake, mu ne masu talla da masu sayar da magani, muna shiga garin da ba a san mu ba, kuma al'adarmu ce mu miƙa hannu ga kowa. Watau gaisuwar da iyaye suka koya mana ita ce a ke mai da ita shaidar laifi. Dattawanmu da suka ga korar baƙi ta 1969 sun san abin da kan biyo baya in an fara cewa baƙo ne ya kawo masifa, ko da an haifi kakansa a Kumasi.

Saboda haka muna roƙon jama'a, in labarin ya iso Zongo, kada mu zama masu kai shi gaba, a majalisa ko a waya. In wani ya yi kuwwa, a kai shi asibiti a duba, a kai wanda ya tuhuma wurin Sarkin Zongo ko 'yan sanda da ransa. Samari kuma su kiyayi shiga taron duka. Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Baƙon da aka kewaye a tasha yau, gobe ɗan wani ne daga cikinmu da ya tafi fatauci.

Allah ya kiyaye mu, amin.