Sulhu Tsakanin Likita da Masu Mara Lafiya

Yau maganar kuskuren asibiti za mu yi, da sulhun da alƙali kan tura mutane su yi kafin ya yanke hukunci.

Bari mu fara da Kano. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada wani magani mai suna Trovan a Asibitin Zana. Yara kimanin 200 aka sa cikin gwajin, 11 suka rasu. Kamfanin ya ce cutar ce ta kashe su, ba maganinsa ba. Aka yi ta shari'a a Najeriya da Amurka, sai a 2009 aka yi sulhu da gwamnatin Kano kan dala miliyan 75. Ga abin da ya tsaya mini a rai: kafin a biya iyalai, sai da aka nemi gwajin ƙwayar halitta, wato uba ya tabbatar cewa ɗan da ya binne nasa ne. Kuɗin farko bai fito ba sai 2011. Shekara goma sha biyar, jama'a! Shekara goma sha biyar.

To, mu nan gida, Tambuwal da Kebbe, fa? A yi wa mace aiki a samu matsala, ko wanzami ya cire wa jariri beli jini ya ƙi tsayawa, abin da za ka ji shi ne, "Ƙaddara ce, mun bar wa Allah." Ƙaddara gaskiya ce, amma malaman Malikiyya sun daɗe da cewa wanda ya yi magani ba da sani ba, lamuni yana kansa.

Sulhun kotu ba "a yi haƙuri" na zaure ba ne, inda talaka kan yi shiru don kunyar manya. Ana zama da mai shiga tsakani, likita ya yi bayani, a rubuta yarjejeniya, alƙali ya sa hannu ta zama hukunci. Legas ta buɗe cibiyar irin wannan sulhu a 2002, Kano ta bi a 2009. Hukumar likitoci kuwa lasisi take iya dakatarwa, ba ta yanke diyya.

Duk wanda zai zauna sulhu, ya riƙe katin asibiti da takardun magani, kada ya sa hannu a takardar da ba a karanta masa ba.