Babbar Manhajar Android: Wa Ya Kamata Ya Riƙe Ragamarta?

1.0 Gabatarwa

Kowace wayar salula ta zamani tana da wata babbar manhaja da ke tafiyar da ita. Ita ce ke sada na'urorin cikin wayar da ƙananan manhajoji irin su WhatsApp da Facebook. Wadda ta fi kowace yaɗuwa a duniya ita ce Android, kuma da ita wayoyin Tecno da Infinix da suka cika kasuwannin ƙasar Hausa ke aiki. Saboda haka, wanda ya riƙe ragamarta yana da ta cewa kan yadda ɗimbin jama'a ke karatu da ciniki da sada zumunci.

1.1 Asalinta

An kafa kamfanin Android a shekarar 2003 a jihar Kalifoniya ta Amurka, ƙarƙashin jagorancin Andy Rubin da abokan aikinsa. Google ya saye shi a 2005, sannan wayar farko mai wannan manhaja, wato HTC Dream, ta fito a 2008. An gina manhajar ne a kan ginshiƙin Linux, wanda Linus Torvalds ya soma a 1991.

1.2 Yadda Ikon Yake

Android kashi biyu ce. Kashi na farko buɗaɗɗe ne, kowane kamfani na iya ɗaukarsa kyauta ya sarrafa shi yadda yake so. Kashi na biyu mallakar Google ne, ya ƙunshi kasuwar manhajoji ta Play Store da taswira da Gmail, kuma ba a sanya shi a waya sai da izini da sharuɗɗa. A nan ne ikon yake, domin a wajen ƙasar Sin, wayar da ba ta da kashi na biyu ba ta cika samun masu saye ba. An ga haka a 2019, lokacin da gwamnatin Amurka ta sa wa kamfanin Huawei na ƙasar Sin takunkumi. Sababbin wayoyinsa suka rasa manhajojin Google, kasuwarsa a ƙasashen waje ta ja baya, har ya koma ga tasa manhajar, HarmonyOS.

1.3 Ra'ayoyi Uku

Ra'ayi na farko shi ne a bar wa Google, domin shi ke biyan injiniyoyi, shi ke toshe kafofin da ɓarayin intanet ke bi. Sai dai gyaran da yake fitarwa yakan bi ta hannun masu ƙera waya, waɗanda sukan jinkirta shi ko su daina aika shi ga wayoyi masu araha. Rijiya ta bayar, guga ya hana.

Ra'ayi na biyu shi ne a miƙa ta ga wata gidauniya mai zaman kanta, inda kamfanoni da yawa za su haɗa hannu, kamar yadda ake kula da Linux. Masu suka kuwa sukan kafa hujja da Symbian. Nokia ya miƙa wannan manhaja ga gidauniya, aka buɗe ta ga kowa a 2010, amma manyan abokan tafiya suka janye, aikin ya koma hannun Nokia, wanda ya juya mata baya a 2011. Abin da yake na kowa, idan ba a tanadi mai ɗaukar nauyinsa ba, yakan zama na ba kowa.

Ra'ayi na uku shi ne kamfani ya ci gaba da kulawa, hukuma kuma ta sa ido. A 2018 Tarayyar Turai ta ci Google tarar Yuro biliyan 4.34, saboda ya tilasta wa masu ƙera waya sanya manhajarsa ta bincike da Chrome kafin ya ba su Play Store. Hukumar kula da gasar kasuwanci ta Indiya ma ta ci shi tara a 2022.

1.4 Kammalawa

Daga abin da ya gabata, za a fahimci cewa kulawa daban, iko daban. Kulawa tana bukatar kuɗi da ƙwararru da shugabanci tsayayye, iko kuwa yana bukatar linzami. Wannan ya shafi malamin Hausa kai tsaye, domin samuwar haruffa masu ƙugiya (ɓ, ɗ, ƙ) a allon rubutun waya, da tsaron sakamakon ɗalibai da ke ajiye cikinta, duk sun rataya ne ga shawarar da ake yankewa a wani wuri mai nisa da ajinsa.